Iska Da Laima A Ɗakunan Kwananmu

Mutum yana iya yin makonni bai ci abinci ba ya rayu, yana iya yin kwana biyu ko uku bai sha ruwa ba, amma idan aka hana shi iska na 'yan mintoci kaɗan, sai dai a nemo likkafani. Duk da haka a gidajenmu an fi kula da abinci da ruwa. Uwar gida ba za ta dafa shinkafa ba ta tsince ba, ba kuwa za ta ba ɗanta ruwan da ta ga ya gurɓace ba. Iska ce kaɗai ba mai tambayar daga ina ta fito, ko kwana nawa ta yi a ɗaki. Alhali kuwa masana sun auna sun ga baligi yana shaƙar iskar da ta kai lita 10,000 kowace rana, kuma mai yawa daga cikinta a ɗakin kwana yake shaƙarta, yana barci bai sani ba.

Abin da nake so mu duba a nan, da 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, shi ne halin da iskar ɗaki take shiga idan laima ta yi yawa. A ƙasar Hausa lokacin laima shi ne damina, tun ba kwanakin marka ba, cikin watan Agusta, sa'ad da akan wuni ana yayyafi rana ba ta leƙo ba. Amma akwai wuraren da laima ba ta da lokaci, kusan duk shekara tana nan, irin su Legas da Fatakwal da Kalaba da Kumasi. Da wuya a sami ɗalibi a cikinmu wanda ba shi da ɗan'uwa mazaunin ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, wasunmu ma can karatu ko aiki zai kai su wata rana. A yawancin shekaru ruwan da ake yi a Kano bai cika milimita 1,000 ba. Na Fatakwal ya haura 2,000, na Kalaba kuwa yana kusan 3,000.

Mece ce laima?

Ko da yaushe iska tana ɗauke da ruwa, sai dai ruwan ya zama tururi wanda ido ba ya gani. Mai shakka ya ɗauko kwalbar lemo mai sanyi ya ajiye a kan tebur da damina. Kafin minti biyu zai ga bayanta ya jiƙe sharkaf, ga shi kuwa ba ta yoyo. Ruwan nan daga iskar ɗakin ya fito, da ya taɓa sanyi sai ya koma ɗigo. Ta haka ne raɓa take sauka a kan ciyawa da asuba.

Iska tana da iyakar ruwan da za ta iya ɗauka, iyakar kuwa tana bin zafinta. Mu ƙaddara akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, cike da iska. Idan zafin iskar digiri 30 ne a ma'aunin Salshiyos, za ta iya riƙe ruwa kimanin giram 30. Idan ta huce zuwa digiri 25, giram 23 kawai za ta riƙe, a digiri 20 kuwa giram 17. To, idan muka ji masu hasashen yanayi sun ce laima ta kai kashi 80 cikin 100, nufinsu iska ta riga ta ɗauki kashi 80 na abin da za ta iya ɗauka, saura kaɗan ta ƙoshi. Da hunturu a Kano ko Sakkwato laima takan sauka ƙasa da kashi 20, shi ya sa leɓe ke tsagewa, wanki kuma kafin a gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Da marka kuwa riga sai ta kwana biyu a kan igiya tana warin danshi. Haka gumi ma. Jiki yana hucewa ne idan gumi ya bushe a kan fata, to iskar da ta ƙoshi ba ta karɓar gumi, sai mutum ya yi ta naso yana jin zafi, ko da ma'auni ya nuna bai kai zafin bazara ba.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda ɗan aji ɗaya ma zai iya. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3, yana ɗauke da irin wancan akwati guda 36. Da daren damina, idan zafi digiri 25 ne, duk iskar ɗakin ba za ta riƙe ruwan da ya wuce giram 830 ba. Idan laima ta riga ta kai kashi 80, gurbin da ya rage bai fi giram 170 ba, watau bai cika kofin shayi ɗaya ba. Shi kuwa mutum, ko yana barci, numfashinsa da fatarsa suna fitar da ruwa kimanin giram 40 kowace awa. A ce mutum shida suka kwana a ɗakin nan na awa takwas, an kulle ƙofa an rufe taga. Shida sau takwas sau arba'in, giram 1,920 ke nan, kusan lita biyu. Ina sauran ya tafi? Katifa ta sha, bango ya sha, tufafi da littattafai da takalman fata duk sun sami rabonsu. Gobe da dare kuma a ƙara musu.

Wannan na numfashi ne kaɗai. A haɗa da wankin da aka shanya a ɗaki don gudun ruwa, da tukunyar da ke tafasa a lungu, da banɗakin da aka yi a cikin ɗaki ba shi da tagar kansa. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne wuta ma tana haifar da ruwa. Kowace lita ta kananzir da risho ya ƙona tana sakin kusan lita guda ta ruwa a iska, kilo ɗaya na gas kuwa yana sakin fiye da kilo ɗaya da rabi. Sa'an nan ga ruwan da gini yake sha da kansa, ta rufi mai yoyo, ko indararon da ke zuba a jikin bango, ko tushen ginin da ke tsotso daga ƙasa har a ga fenti yana ɓarewa daga ƙasan bango zuwa gwiwa.

Abin da laima take jawowa

Baƙuwar da take fara zuwa ita ce fumfuna. Kowa ya san ta a kan tuwon da ya kwana biyu ko burodin da aka manta a leda, amma ba kowa ya gane ita ce baƙin tabon da ke kusurwar silin ko bayan kabad ba. Fumfuna halitta ce mai rai. Irinta ya fi ƙura laushi, yana yawo a iska ko'ina, kuma da ya sami wuri mai danshi, inda laima ta daɗe sama da kashi 70, sai ya tsiro cikin 'yan kwanaki ya saki sabon iri. Warin nan da ake cewa warin ɗaki, wanda ke bin tufafin mutum har makaranta, yawanci nata ne.

Tana da abokan zama. Akwai wasu 'yan ƙwari masu ƙafa takwas, tsawonsu bai kai rabin milimita ba, suna zaune a cikin katifa da matashin kai da kafet. Ba sa cizo, ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu suke ci. Ba sa shan ruwa kuma, daga iska suke tsotsarsa, saboda haka idan laima ta sauka ƙasa da kashi 50 sai su bushe su mutu, idan ta hau sai su hayayyafa. Kashinsu da irin fumfuna suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido. Yaron da numfashinsa ke shaƙewa da tsakar dare kowace damina, ya kamata a kai shi asibiti, a kuma ɗaga katifarsa a dubi ƙarƙashinta.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafi guda a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fama da tari da ciwon numfashi da tashin asma. Abin yakan wuce tari ma. A Ingila, inda sanyi ne ke sa a kulle tagogi kamar yadda sauro ke sa mu kulle namu, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a garin Rochdale cikin Disambar 2020. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar fumfunar gidan hayarsu ce ta jawo ciwon numfashin da ya zama ajalinsa, har a 2023 aka yi doka a kan gaggauta gyaran irin waɗannan gidaje. Mu kuma muna da wani haɗarin na daban, domin a ɗakin kwana ake jibge buhunan gyaɗa da masara. Idan suka yi danshi, wata irin fumfuna takan kama su ta bar guba mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa.

Ko ba laima, iskar da aka kulle tana tsufa. Iskar waje kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, kabon-dayoksaid kuwa ɗan kaɗan ne, kashi 4 cikin 10,000. A numfashin da muke fitarwa ya kai kashi 4 cikin 100, watau ninki ɗari. Wasu suna zaton oksijin ne ke ƙarewa a rufaffen ɗaki. Da wuya haka ta faru a ɗakin kwana, abin da ke faruwa shi ne numfashin da aka fitar yana taruwa, kowa yana shaƙar na ɗan'uwansa. A wani gwaji da aka yi a ɗakunan kwanan ɗalibai a ƙasar Denmark, wanda aka buga a 2016, an ga daren da aka ƙara musu iskar waje sun fi samun barci mai daɗi, washegari kuma sun fi kaifin kai a gwajin tunani. Masu gyangyaɗi a darasin farko sai su lura. Kuma a cikin wannan numfashi na haɗaka ne ƙwayoyin tarin fuka da ƙyanda da mura suke tashi daga wani su shiga wani.

Ginin rani a ƙasar damina

Kakanninmu sun san abin da suke yi. Soron ƙasa mai kaurin bango da 'yar ƙaramar taga can sama, gini ne na ƙasar zafi da ƙura. Da rana bangon yana shanye zafin, ɗaki ya yi sanyi, ƙaramar tagar kuma ta hana iska mai zafi da ƙurar hunturu shigowa. Da dare, idan bango ya fara amayar da zafin da ya sha, sai a fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma. Ɗakin ciyawa shi ma yana da tasa dabarar, hayaƙi da zafi suna sulalewa ta cikin jinka da ta tsakanin bango da rufi.

To, sai zamani ya zo muka ɗauki bulo da siminti da kwano, amma muka riƙe 'yar tagarmu. Bulo ba shi da kaurin da zai tare zafi, kwano yana gasa ɗaki da rana, da asuba kuma idan ya yi sanyi tururi ya taru a ƙarƙashinsa yana ɗiga a kan silin. Watau mun bar amfanin tsohon gini, ba mu kuwa sami na sabon ba. Mafi muni shi ne a kwashi wannan fasali a kai Kurmi. A can zafin dare da na rana ba su da nisa da juna, saboda haka kaurin bango ba ya taimako, abin da jiki yake so shi ne iska mai motsi. Gidajen haya na manyan garuruwan Kudu, masu ɗakuna jere suna kallon juna da siririn lungu a tsakiya, inda 'yan'uwanmu da yawa suke zaune, kowane ɗaki taga ɗaya gare shi, ita ma sau da yawa bangon maƙwabci take kallo.

Masu zanen gini sun daɗe da gane wannan. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, Turawan Ingila da suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan bayan an kafa ta a 1948, sun yi su dogaye marasa faɗi, da baranda, da bangaye masu huji-huji kamar rariya, don iska ta ratsa ta wuce amma rana da ruwa su tsaya a waje. A 1956 ma sun rubuta littafi a kan gini a ƙasashen zafi masu laima. Tsofaffin azuzuwan makarantun gwamnati irin wannan tunani aka bi wajen gina su, tagogi dama da hagu, rufi can sama. Ni a ganina wasu sababbin gidajen da ake ƙawatawa da gilashi da tayil ba su kama ƙafar waɗannan tsofaffin azuzuwa wajen lafiya ba.

Dabarar kuwa ba wuya gare ta ba. A ɗauki kwalba a hura mata iska ta baki, za a ga ba ta shiga, domin ta ciki ba ta da inda za ta bi ta fita. A ɗauki bututu a hura, nan take za ta fita ta ɗaya bakin. Ɗaki mai taga ɗaya da rufaffiyar ƙofa kwalba ne. Iska tana bukatar mashiga da mafita, kuma an fi so su kasance a bangaye biyu masu kallon juna, ko aƙalla ba a bango ɗaya ba. Tun da iska mai ɗumi sama take yi, mafita ta fi aiki idan tana kusa da silin. Amfanin 'yan ramukan nan ke nan da magina suke bari a saman bango, waɗanda muke toshewa da tsumma da hunturu mu manta da su har abada.

Sai kuma a san inda iska take fitowa. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take busowa, daga teku, amma hadari daga gabas yake tasowa. Duk wanda ya lura da katangun ƙasa zai ga na gabas sun fi zaizayewa. Don haka tagar gabas ce ake rufewa idan hadari ya taso, ba lalle sai an rufe duka ba, da an ɗauke kuma a buɗe. Irin tagar ma abin dubawa ne. Mai falle-fallen gilashi, wadda ake karkatawa, tana buɗewa kusan duka, kuma ana iya barinta a karkace ana ruwa. Wadda ake turawa gefe, da ake yayi yanzu, komai ƙoƙari rabinta kaɗai ke buɗewa.

An taɓa auna ƙarfin taga a asibitoci 8 na birnin Lima, babban birnin ƙasar Peru, inda masu binciken tarin fuka suka buga sakamakonsu a 2007. Da aka buɗe ƙofofi da tagogi, iskar ɗaki takan sauya kamar sau 28 a awa ɗaya, alhali sau 12 ake nema daga injunan da ake sa wa ɗakunan keɓe majinyata. Tsofaffin ɗakunan da aka gina kafin 1950, masu manyan tagogi da dogon tsayi, sun kai sau 40, na zamani kuwa 17. Ga ƙasa irin Nijeriya, wadda take cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, wannan labari ne mai daɗi, domin taga ba ta bukatar lantarki.

Wani zai ce yana da fanka. Fanka tana busar da gumi, amma a rufaffen ɗaki iskar nan dai ta jiya take juyawa. Idan aka ajiye ta a bakin taga tana kallon waje aka buɗe ƙofa, sai ta tura tsohuwar iska waje sabuwa ta shigo. Na'urar sanyaya ɗaki ita tana rage laima sosai, ruwan da ke ɗiga a bayanta shaida ne, sai dai irin ta gidaje ba ta shigo da iskar waje, kuma idan ba a wanke matacinta ba ita kanta sai ta zama gonar fumfuna. Gaskiya ne kuma cewa taga ba za ta sa ɗaki ya fi waje bushewa ba. Aikinta shi ne ta fitar da ƙarin da mu muka zuba. Laimar waje ta fi yawa da asuba, ta fi sauƙi tsakanin azahar da la'asar, to wannan ne lokacin wangale komai da fitar da katifa rana.

Dalilan iyayenmu

Na san iyayenmu ba don son zafi suke rufe tagogi ba. Akwai sauro, akwai ɓarayi, akwai tsoron kada sanyi ya kama yara, akwai kuma sutura, don ba mai son mai wucewa ya leƙa masa ɗaki. Duk dalilai ne masu ƙarfi, amma kowanne yana da magani wanda bai kai ga kulle iska ba. Ɓarawo ƙarfe ke tare shi. Sutura tana samuwa idan aka ɗaga taga sama da kan mai wucewa aka faɗaɗa ta, ko aka sa labule marar kauri.

Sauro shi ne babba. Maganinsa ragar waya a taga da gidan sauro mai magani a kan gado. Ragar tana rage iska, musamman idan ƙura ta toshe idanunta, don haka a riƙa wanke ta, mai sabon gini kuma ya ƙara girman tagar. Sauron zazzaɓi warin jiki da kabon-dayoksaid yake bi ya gano inda mutane suke, kuma ya fi shiga ta tazarar da ke tsakanin bango da rufi, saboda haka nan ma a sa raga. A gwaje-gwajen da aka yi a ƙasar Gambiya an ga ɗakunan da aka ƙara wa manyan tagogi masu raga sun fi ƙarancin sauro, domin numfashi ba ya taruwa ya yi masa jagora. Abin da bai dace ba shi ne wanda aka fi yi, watau a kulle ɗaki a kunna maganin sauro mai naɗi a kwanta a cikin hayaƙinsa. Wani bincike na 2003 ya nuna guda ɗaya yana fitar da ƙurar hayaƙi daidai da karan taba 75 zuwa 137. Uban da ba zai yarda ɗansa ya taɓa taba ba, ga shi yana kunna masa wannan kowane dare da kyakkyawar niyya. Fiya-fiya kuwa guba ce tsantsa, bai kamata ta shiga ɗakin kwana ba sam. Maganin feshi na kanti ma, a fesa a fita, a buɗe tagogi kafin a shigo.

Batun sanyi, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ciwon limoniya, hayaƙi kuma yana share musu hanya. A lulluɓe yaro, a janye shimfiɗarsa daga saitin taga, a bar tagar a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida, na itace da gawayi da kananzir, ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Da rani iyayenmu mata a tsakar gida suke girki, hayaƙi ya bi iska. Damina ce ke kora murhu cikin ɗakin girki marar taga, ko ma ɗakin kwana, ga itace jiƙaƙƙe mai tuƙuƙi, ga goyo a baya. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe ba ta da tsada idan aka kwatanta da kuɗin asibiti. Turaren wuta ma, duk daɗin ƙamshinsa, hayaƙi ne. Yana rufe warin danshi, danshin kuwa yana nan. A sa shi taga a buɗe.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan saurin kisa, shi ne kabon-monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari. Yana fitowa daga garwashin gawayi da hayaƙin janareta, kuma jini ya fi kama shi fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Yakan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, amma mai barci ba ya jin ko ɗaya. Kusan kowace damina sai jaridu sun kawo labarin iyalin da aka wayi gari aka tarar duk sun rasu, don an shigo da janareta lungu ko baranda saboda ruwa ko ɓarayi. Ƙa'ida ita ce a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, a yi masa 'yar rumfarsa. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki, ko na tsoho ko na mai jego. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, a fitar da su waje nan take a nufi asibiti.

A da, duba-gari ne suke bi gida-gida suna duba irin waɗannan abubuwa. Ɗalibin da ya yi darasin kiwon lafiya yana iya zama duba-garin gidansu, in dai zai yi da ladabi. Ranar Asabar ya janye kabad da akwatuna daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, ya ɗaga katifa daga daɓe ko da a kan katako ne, ya ɗora buhuna a kan itace. Ledar ɗaki da kafet a ɗaga su a duba, don a ƙarƙashinsu danshi yake ɓuya. Inda fumfuna ta kama bango, a ɗaure hanci da ƙyalle a wanke da ruwa da sabulu, ko ruwan bilic da aka sirka, taga a buɗe. Kada a kankare ta a bushe, irinta ne zai tashi, kada kuma a gauraya bilic da wani maganin wanki. Shafa fenti a kanta ɓata kuɗi ne muddin ba a toshe inda ruwan yake fitowa ba. Mu 'yan makarantar kwana kuma, tawul da safa jiƙaƙƙu da muke turawa cikin akwati don gudun masu duba ɗaki, igiyar waje ce wurinsu.

Wanda yake so ya san ko ɗakinsu yana samun iska, ya kunna turaren tsinke ɗaya ya tsaya a tsakiyar ɗakin, fanka a kashe, ƙofa da taga yadda aka saba barinsu da dare. Idan hayaƙin ya karkata ya nufi wata kafa ya fice, iska tana ratsawa. Idan ya miƙe ya taru a ƙarƙashin silin, sai ya buɗe ƙofa ya sake gwadawa, sa'an nan ya nemo tsani ya cire tsumman da ke cikin ramukan saman bango, ya sa musu raga.